Yadda Ake Tayar da Tsohon Agogon Kanta a Sakkwato

Tsohon agogon kanta, irin mai gidan katako da lilo a ciki, wanda ake yi wa wani da makulli, da wuya tsufa ya kashe shi. A garin nan abubuwa uku ne ke gamawa da shi: ƙurar hunturu, man da bai dace ba, da hannun mai gaggawa. Injin tagulla da aka ƙera a 1880 yana iya ci gaba da aiki yau in an wanke shi an sa masa man kirki. Amma in aka bulbula masa man gyaɗa ko baƙin mai, aka bar ƙofarsa a buɗe daga Disamba zuwa Fabrairu, shekara biyu ta isa ramukansa su cinye. Saboda haka kafin ka sa makulli, fara sanin wane irin inji ne a gabanka, domin maganin wani dafi ne ga wani.

Buɗe ƙofar gaba, ka leƙa ta gefen fuskar, ko ka buɗe ta baya in yana da ita. Abu uku za ka iya tararwa, kuma kowanne yana da zamaninsa.

Na farko injin katako. Giyoyinsa da farantansa duk itace ne, in ban da giya guda mai haƙora masu tsini a can sama, wadda ita tagulla ce. Wannan aikin mutanen jihar Konetikat ne ta Amurka. A farkon ƙarni na 19 tagulla tana da tsada a can, kuma maƙerin agogo yakan yi guda guda ne da hannu, yana goge kowane haƙori da magagari. Wani mai suna Eli Terry, wanda aka haifa a 1772, ya karɓi kwangilar inji 4,000 a wajen 1807, adadin da ba a taɓa jin irinsa ba. Ya kafa injinan yanka da ruwan rafi ke juyawa, ya riƙa fitar da giyoyi masu girma ɗaya ta yadda ta wannan agogo za ta shiga wancan, ya kuwa cika alkawari cikin shekara uku. A 1816 ya yi rajistar ƙaramin inji da zai zauna a kan kanta maimakon dogon akwatin da ke tsaye a ƙasa, ana sayar da shi dala 15. Farantai na itacen oak ne, giyoyi na itacen ceri. Seth Thomas, wanda sunansa ke kan fuskokin tsofaffin agogo da yawa, a wurin Terry ya fara aiki yana kafinta.

Injin katako ba ya son teku. Laima kan kumbura giyoyin su cije, shi ya sa ba a yi fataucinsa zuwa ƙasashen waje sosai ba, kuma da wuya ka gamu da shi a Sakkwato sai in wani ya shigo da shi daga baya. In ka same shi, dokarsa gajera ce. Kada ruwa ko kananzir ko mai ya taɓa itacen. Buroshi mai laushi da iska kawai. Ramukan da sanduna ke juyawa a cikin itace a bushe suke aiki, mai yana jiƙa su ne su yi laushi su kama ƙura. Haƙoran da ke karyewa su ne waɗanda jijiyar itace ta ratsa gindinsu a gicciye, kuma gyaransu shi ne a yanke wurin a dasa sabon guntun itace mai tauri wanda jijiyarsa ta bi tsawon haƙorin, sannan a fere shi daidai da maƙwabtansa. Bushewar iskarmu ta watan Janairu kan tsuke giyar katako ta gefe ɗaya fiye da ɗaya har ta tashi daga da'ira, agogon ya riƙa tsayawa a wuri guda kowane zagaye. Kada ka kankare haƙoran a lokacin, domin damina na zuwa za ta mayar da giyar kusa da yadda take, kai kuwa ka riga ka cire abin da ba ya dawowa.

Na biyu injin tagulla mai duwatsu. Bayan karayar tattalin arziki ta 1837 a Amurka cinikin agogon katako ya mutu, sai Chauncey Jerome ya fito da inji mai arha da ake bugawa daga fallen tagulla, mai tafiyar awa 30, wato kullum sai an yi masa wani. Akwatinsa doguwar kusurwa huɗu ce, tsawo wajen santimita 66, faɗi wajen 39, da gilashi mai zane a ƙasan ƙofa. A ciki duwatsun ƙarfe biyu ne, kowanne kilo ɗaya da 'yan kai, suna rataye da igiya a dama da hagu. A 1842 Jerome ya fara aika su Ingila, daga nan suka bazu duniya, aka ci gaba da yin wannan fasali har farkon ƙarni na 20.

Na uku, wanda shi ne mafi yawan abin da za ka gani a gidajen Sakkwato, injin tagulla mai sifirin, wato dogon fallen ƙarfe da makulli ke naɗewa, mai tafiyar kwana takwas. Ya yaɗu ne daga wajen 1850 lokacin da sifirin ɗin ƙarfe ya yi arha. Kamfanonin Amurka irin su Seth Thomas, Ansonia, New Haven, Waterbury, Ingraham da Gilbert sun yi miliyoyinsa. Jamusawa suka kwaikwaye su, musamman Junghans da aka kafa a 1861, Japanawa ma suka bi da Seikosha daga 1892. A nan sun shigo ta kantunan Turawa bayan 1903, da hannun ma'aikatan En'e, da kuma tsarabar alhazai.

Shekarunsa nawa

Takardar da aka manna a bangon baya daga ciki ita ce babbar shaida, tana ɗauke da sunan kamfani da gari da yadda ake sarrafa agogon. Ko ta yi baƙi ta yayyage, kada ka ɓare ta, kada ka shafa mata gam ko fenti. Rufe ta da farar leda mai kauri da ka maƙale a gefuna kawai. Sai tambarin da aka buga a farantin baya na injin: tauraro mai tsini takwas da harafin J na Junghans ne, kibau biyu a gicciye na kamfanin Hamburg Amerika ne na Jamus. Seth Thomas, daga wajen 1881 zuwa 1918, yakan buga shekara a juye a bayan akwati, da harafi ɗaya na wata, A Janairu har L Disamba. In ka ga 7981 C, to Maris ne na 1897. Rubutun "Made in Germany" yana nuna bayan 1887, shekarar da Ingila ta yi dokar rubuta ƙasar da aka yi kaya.

Akwai jabu da yawa a kasuwa, sababbi da aka shafa wa tsufa. Duba sukurori: masu kai mai gicciye ba su fito ba sai tsakiyar shekarun 1930, don haka in su ne ko'ina a jikin agogon da aka ce na 1880 ne, ko dai an sake masa gida ko ƙarya ake yi. Filawud a baya da ƙusar injin harbi su ma alama ce. Haka in ka ga ramukan sukurori na da a bangon baya waɗanda ba su dace da ƙafafun injin ba, an sauya injin. Lambar huɗu da aka rubuta IIII maimakon IV kuwa ba kuskure ba ce, al'adar maƙera agogo ce tun da can.

Ɗauko shi da zaunar da shi

Kafin ya motsa daga inda yake, cire lilon daga ƙugiyarsa, in mai duwatsu ne ka sauke su, ka yi wa kowanne alamar dama ko hagu. Lilo yana rataye ne da wani ɗan fallen ƙarfe siriri ƙwarai a sama, kuma girgiza ɗaya a bayan kabu-kabu ta isa ta lanƙwasa shi. Da zarar ya lanƙwashe lilon zai riƙa murguɗawa maimakon ya tafi dama da hagu sak, agogon ya tsaya bayan 'yan mintoci. Ba a miƙe shi, sai dai a sa sabo mai kauri ɗaya da tsawo ɗaya. Dutse kuma in aka bar shi a rataye yakan fasa gilashi ko ya ɓalle gindin akwati.

Wurin zamansa ya zama kanta mai ƙarfi da ba ta rawa, a bangon da rana ba ta gasawa da yamma. Nisanta shi da taga, da madafa, da bakin na'urar sanyaya ɗaki, da bangon da janareta ke jingine da shi ta waje. Hayaƙin turaren wuta ma yana da illa, domin ƙaronsa yana sauka a kan mai ya mayar da shi danƙo. Uwargida ba za ta daina turare don agogo ba, sai dai a kai agogon ɗakin da ba a cika turarawa ba.

Yanzu rataya lilon, ka tura shi a hankali, ka kasa kunne. Bugun ya zama tak, tak, tak, tazara ɗaya. In ka ji biyu na bin juna da sauri sannan a ɗan yi shiru, agogon yana ɗingishi, kuma wannan kaɗai ya sa an jingine agogo masu lafiya da yawa. Ɗaga gefe ɗaya na akwatin kaɗan. In bugun ya daidaita, ka gano matsalar. Kana iya cusa kwali a ƙarƙashin wannan gefen ka huta. Gyara na gaskiya shi ne ka daidaita akwatin da ma'aunin ruwa na magina, sannan ka lanƙwasa gwafar, wato wayar da ta sauko daga inji ta riƙe sandar lilo. Riƙe ta da yatsu biyu a sama, ka tura tsakiyarta da ɗan yatsa, kaɗan ƙwarai, ka saurara. In ɗingishin ya ƙaru, koma ɗaya ɓangaren. Sandar lilo kuma ta zauna a tsakiyar bakin gwafar, kada ta jingina da gaba ko baya, kada bakin ya matse ta, kada kuma ya yi mata yawa har ka riƙa jin ƙarin ƙara.

Sifirin, kafin komai

In ya ƙi tafiya bayan an daidaita bugu, ko kuma ka ga baƙin danƙo a bakin ramukan faranti, wanki yake so. Mutane kan ce an cika masa wani ne ya ƙulle. Ba haka ba ne. Sifirin a cike yake domin agogon ya tsaya bai ci ƙarfin ba, dalilin tsayuwar kuwa datti ne ko cinyewa.

A nan ne hatsarin yake. Sifirin ɗin agogon Amurka mai kwana takwas faɗinsa wajen milimita 19 ne, kaurinsa kusan rabin milimita, tsawonsa kuwa ya kusa mita biyu da rabi, kuma a fili yake ba cikin gwangwani ba. Wanda ya kwance notin farantai alhali sifirin na ɗaure, zai ga giyoyi sun tarwatse, haƙora sun zube, shi kuma ya yi sa'a in yatsunsa sun tsira. Waɗanda aka rubuta wa kwana 31 a fuska, na Koriya da Sin, nasu ya fi wannan tsawo da mugunta.

Ga yadda ake yi. Cire hannuwan agogon: na minti yana riƙe da ɗan fil ko noti, na awa kuwa jawo shi kawai ake yi. Kwance fuskar, kwance sukurori huɗu da suka riƙe injin, ka fito da shi. Ɗauki hotonsa da waya ta kowace fuska, musamman wayoyin ɓangaren ƙararrawa. Yi wa sifirin wani har ya kusa cika, sannan ka zagaye shi da waya mai kauri, irin ta ɗaurin rodi ninki biyu, ka murɗe bakinta da filaya. Kada ka sauke ƙarfin da makullin agogon a hannu, fukafukansa za su fizge su tsaga maka yatsa. Samu guntun muciya ko wani itace mai santsi, ka tsaga bakinsa ka cusa fukafukan makullin a ciki su zauna daram. Sa makullin a sandar wani, ka murɗa kaɗan kamar za ka ƙara wani don nauyi ya sauka daga kan 'yar sakatar da ke hana giya komawa baya, ka ɗage sakatar da sukundireba, sannan ka bar itacen ya riƙa sulɓewa a tafin hannunka sannu sannu har sifirin ya buɗe ya cika wayar da ka ɗaura. Yi wa na biyun haka. Sa tabarau da safar hannu ta fata. A agogon Ingila da wasu na Jamus sifirin yana cikin gwangwanin tagulla, ba ya bukatar ɗauri, amma sauke ƙarfin dole ne.

Tun da ka zo nan, duba 'yar sakatar da ƙusar da ta riƙe ta. In tana rawa ko bakinta ya cinye, gyara ta yanzu. Ranar da ta kuɓuce ana cikin wani, makulli zai juyo da ƙarfin sifirin gaba ɗaya a kan babban yatsa, giya ta biyu kuma ta lanƙwashe.

Da ƙarfi ya sauka, kafin ka raba farantai, gwada cinyewa. Kama babbar giya ka motsa ta gaba da baya, idonka a kan bakin sandunan da suka leƙo ta ramukan faranti. Wanda ka ga yana tsalle daga gefe zuwa gefe, ramin ya zama ƙwai. In tsallen ya kai kashi ɗaya cikin uku na kaurin bakin sandar, ramin yana son bushin, wato zoben tagulla da ake dasawa a cikinsa. Yi masa alama. Abin da ke jawo wannan shi ne ƙura ta haɗu da mai ta zama abin wasa wuƙa, sanda na juyawa tana cin tagulla ta gefen da ƙarfi ke turawa. Giyoyin sai su matsa daga inda aka tsara su, haƙora su riƙa karo maimakon su shige juna.

Sa bushin aiki ne na mai kayan aiki. Ana fara goge ramin ta gefen da bai cinye ba daidai gwargwadon cinyewar, don a dawo da tsakiyarsa ta asali, a faɗaɗa shi, a dasa zoben tagulla, sannan a buɗe cikin zoben har sanda ta shiga ta ɗan iya karkata kaɗan. Wanda ya tsallake matakin farko ya dasa bushin a inda cinyewar ta kai shi, ya tabbatar da cutar ke nan. Abin da muke yawan gani a agogon da suka bi ta hannun masu gyaran gefen titi shi ne an dandaƙa gefen ramin da ƙusa don ya tsuke, ko an ɗiga masa dalma. Yakan yi wata shida, faranti kuma ya lalace har abada. In mai gyara ya ɗauko ƙusa da guduma, ce masa Malam a dakata, ka karɓi kayanka.

Wanki da mai

Tsoma inji ɗungurungum cikin fetur a girgiza a shanya ba wanki ba ne. Yana kwashe dattin waje ya tura shi cikin ramuka, ga hatsarin gobara. Sai an raba farantai. Kwance notin ginshiƙai, ɗaga farantin sama a hankali, ka cire giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Na ɓangaren lokaci, wanda yawanci yake dama in kana fuskantar agogon, su shiga kwano ɗaya, na ƙararrawa su shiga wani. Soka su a jikin kwali bisa jerinsu ya fi.

Rufe ɗaki, yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, kashe fanka, kuma kada wuta ta kusanto. Jiƙa kayan a kananzir minti 20 zuwa 30, ka goge da tsohon buroshin haƙori. Ƙananan giyoyin agogon Amurka da yawa 'yan sandunan waya ne a jere tsakanin faifai biyu. Wannan ƙira tana barin datti ya faɗo ta tsakiya, shi ya sa suka fi na Faransa jure ƙura, amma duba wayoyin ko haƙora sun yi musu kwari. Kananzir yana barin maiƙo, don haka ɗauraye da sifirit, ka shanya a rana cikin tire da aka rufe da ƙyalle mai tsabta. Kowane rami ka fere tsinken sakace ka murza a ciki ta fuska biyu, ka sake ferewa, har tsinken ya fito fari. Ja farcenka a kan bakin kowace sanda. In ka ji kaushi ko zobe-zobe, sai an goge shi ya yi sheƙi, in ba haka ba zai cinye sabon bushin ma. Bar man goge tagulla, yana maƙalewa a ramuka, kuma ƙyalli ba ya ƙara wa agogo tafiya. Sifirin a warware shi a goge tsohon mai, a duba tsaga musamman kusa da bakinsa biyu. Mai tsaga a sauya shi da mai awo ɗaya. Wanda ya fi kauri ba ƙarin lafiya ba ne, ƙarin cin ramuka ne.

Wajen mayarwa, jera giyoyin a farantin ƙasa, ɗora na sama, ka riƙa shigar da bakin sanduna ɗaya ɗaya da hantsaki, daga manya zuwa ƙanana, kana ɗaure noti kaɗan kaɗan. Kada ka danna. Bakin sandar 'yar fankar da ke rage gudun ƙararrawa siriri ne, danni ɗaya ya karya shi. In an gama kowace giya ta iya motsi sama da ƙasa kaɗan tsakanin farantai. Ɓangaren ƙararrawa sai an dace da jerinsa: lokacin da bugu ya ƙare, wayar ƙirga ta faɗa cikin rami mai zurfi na faifan ƙirga, wato faifan da ke ƙayyade yawan bugu, fil ɗin tsayawa ya kama a daidai wannan lokaci, wutsiyar guduma kuma ta kasance a sake, ba a kan hanyar ɗagawa ba. In ba ta sake ba, ƙararrawa za ta kasa tashi domin ta fara da kaya a kai. Da wuya a dace a karon farko. Ana ɗan buɗe farantin ta wannan kusurwa, a zare giya ɗaya a juya ta haƙori biyu ko uku, a sake gwadawa.

Mai kuwa na agogo ne kawai, ana samunsa a 'yar kwalba wurin masu sayar da kayan gyaran agogo. Man gyaɗa da man ja suna daskarewa su yi tsami su ci tagulla ta zama kore. Baƙin mai ya yi nauyi. Man feshi na kwance tsatsa yana bin ko'ina ya bushe ya bar danƙo. Man keken ɗinki shi ne mai dama-dama in an rasa, amma a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yakan malale ya bar ramin. Tsoma bakin allura, abin da ya maƙale shi ne rabon rami ɗaya. In ka ga mai yana gangarowa a faranti ya yi yawa, kuma wanda ya gangaro zai janye sauran ya bar ramin a bushe. Ɗan taɓa faratan nan biyu da ke kama giya mai tsini, da bakin gwafa. Sifirin a shafa masa mai mai ɗan kauri da ƙyalle. Haƙoran giya ba a sa musu komai, a bushe aka tsara su yi aiki. A ƙasashe masu sanyi akan yi shekara biyar ko fiye kafin a sake wanki. A nan duba ramukan kowace shekara bayan hunturu, in man ya yi baƙi kada ka ƙara sabo a kansa.

Ƙararrawa da saiti

Dogon hannu gaba kawai ake tura shi, ana tsayawa a kowace awa da rabin awa har bugu ya ƙare. Mayar da shi baya ya ratsa 12 yana lanƙwasa wayar da ke ɗaga ƙararrawa. In kana son komawa baya, tsayar da lilo ka jira lokaci ya iso. Yawancin agogon Amurka faifan ƙirga ne da su, wanda bai san inda hannuwa suke ba, yana bin jerinsa ne kawai. In ƙarfin ƙararrawa ya ƙare kafin na lokaci, sai ka ji ya buga uku alhali ƙarfe bakwai ne. Akwai 'yar waya da ke rataye a ƙarƙashin fuska, ɗaga ta ka saki, zai buga awa ta gaba, ka maimaita har ya cim ma hannuwa. In babu ita, zame gajeren hannu zuwa adadin da ya buga, sannan ka bi da dogon hannu zuwa lokacin gaskiya. Gudumar ta tsaya milimita biyu ko uku nesa da ƙarfen da take duka. In tana kwance a kansa sautin zai mutu. Fatar bakinta in ta ƙeƙashe, guntun fata mai kauri daga wurin dukawa ya wadatar.

Saurin agogo yana ga tsawon lilo, abin da aka gina agogo a kansa tun da Christiaan Huygens ya yi na farko mai lilo a 1656. Notin da ke ƙarƙashin faifan lilo in ka ɗaga shi agogo ya ƙara sauri, in ka sauke ya rage. A lilo mai tsawon santimita 20, milimita ɗaya tana sauya wajen minti uku da rabi a yini, don haka rabin juyi ya isa gwaji. Wasu suna da 'yar sanda a saman lamba 12 da haruffan F da S, ana juya ta da ƙaramin bakin makulli, F sauri, S jinkiri. Saita da agogon waya, jira awa 24, rubuta bambancin, gyara sau ɗaya, sake jira. Mai kwana takwas yakan ɗan yi gaba a farkon mako ya ja baya a ƙarshe, don haka auna shi mako zuwa mako, ka tsayar da rana ɗaya ta wani, misali Juma'a da safe, ka cika duka ramukan biyu. Zafi yana miƙar da sandar ƙarfe, kowane digiri ɗaya yana jawo jinkirin kusan rabin daƙiƙa a yini. Tsakanin sanyin Janairu da zafin bazara bambancin zai iya kai rabin minti ko fiye a mako. Minti biyu ko uku a mako ba laifi ba ne ga agogon da aka yi don talaka ya iya saya. Makullin kuma ya zauna cif a kan sanda. Wanda ya yi yawa yana cinye kusurwoyinta har ta zama da'ira.

Gidan katakon ba ya son ruwa ko fenti mai ƙyalli na zamani. Ƙyalle busasshe da ɗan kakin zuma sun isa. Siririn katakon ado da aka manna a fuskarsa yakan ɗago a hunturu, domin gam ɗin da aka yi amfani da shi na fata ne. Wannan gam yana narkewa da ɗumi da laima, don haka sau da yawa ƙyalle mai ɗan danshi da dutsen guga mai ɗumi kan mayar da shi, a danne da nauyi kwana ɗaya. Sufa gulu yana hana duk wani gyara na gaba. Inda guntu ya ɓace, maɗaci dangin itacen da suka yi amfani da shi ne, kafinta mai haƙuri zai iya fere siriri ya cike. Gilashi mai zane daga ciki aka yi masa fenti, goge wajensa kawai, cikinsa ko busasshen ƙyalle yana kwashe zanen. Fuskar ma haka, ko ta takarda ce ko fenti a kan kwano.

Kafin hunturu ya shigo, toshe hanyoyin ƙura. Manna siririyar fatar akuya a kewayen ƙofa ta ciki don ta rufe ruf. Mai duwatsu yana da ramuka biyu a rufinsa, saman 'yan tayoyin da igiya ke hawa, kuma murafansu na asali sun daɗe da ɓata a yawancinsu. Yanka katako ko kwano ka rufe su, domin ta nan ƙura ke zuba kai tsaye, ta nan kuma zanzaro ke shiga ya yi gini. Igiyar in ta fara gashi sauya ta da ta nailan saƙaƙƙiya mai kaurin milimita ɗaya, tsawonta daidai yadda dutse zai taɓa gindin akwati da sauran zagaye ɗaya a kan sanda. Da damina kuma ɗaga agogon sau ɗaya a wata ka duba ƙarƙashinsa da bangon da ke bayansa, ko gara ta fara hanya.